Ina biyan bashi da bashi, kuma maigidana bai sani ba

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce, shekarata 34, muna zaune a unguwar Aboabo a Kumasi, ƙasar Ghana, da maigidana da 'ya'yanmu uku. Koko da ƙosai nake sayarwa da safe a bakin titi. Shi kuma pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, yake tuƙawa ta wani, kullum sai ya cika wa mai ita kuɗinsa kafin ya ga nasa. Sidi 40 yake ba ni na cefane a rana, haka yake tun shekara uku da suka wuce, ni nake cika sauran daga ciniki.

Wata biyu da suka wuce aka yi bikin ƙanwata. Na kwashi susu, wato adashi, sidi 2,000, na sayi yayi, wato ankon biki, kala biyu, na yi gudummawa, na taya mahaifiyarmu kayan ɗaki. Daga nan jari ya karye. Hajiyar da nake ɗaukar gero da wake a wurinta a kasuwar Asawase tana bi na 1,300. Susu saura mako 9, ɗari-ɗari. Na ci bashi a wata manhajar waya, da lokacin biya ya yi na ci a wata na rufe. Abin da ya shigo hannuna duka 900 ne, yanzu suna neman 1,600, kuma sun ce za su tura hotona ga duk wanda ke cikin wayata. Abin da ya fi hana ni barci shi ne sidi 800 da surukata ta ba ni ajiya, na taɓa su har sun ƙare. Ga hayarmu saura wata biyar, 250 ne a wata, mai gidan ya ce shekara biyu yake so a dunƙule.

Wani ma'aikacin ƙaramin bankin rance ya ce in shiga ƙungiyar mata su ba ni 5,000, in biya 6,500 cikin wata shida. In karɓa in rufe komai? Maigidana bai san ko ɗaya ba, ina tsoron abin da zai biyo baya. Ina da atamfofi da ban ɗinka ba, da sarƙar zinare ta aurena. Ki ba ni shawara don Allah.

Taki, Maman uku, Aboabo, Kumasi.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, Allah ya yaye miki. Matar da ke tashi kafin asuba ta hura wuta, ta dama koko, ta soya ƙosai, sannan ta dawo ta ciyar da gida ba raguwa ba ce, kuma ba mai almubazzaranci ba. Ki riƙe wannan a ranki kafin mu shiga lissafi, domin akwai wuraren da maganata za ta yi miki ɗaci.

Na haɗa abin da kika lissafa, ya kama sidi 4,600. Kuɗi ne masu nauyi ga mai koko, ba zan rage musu ba. Amma ki duba da kyau. A cikinsu ɗaya ne kawai ke ƙaruwa kina barci, wato na manhajar waya. Na Hajiya mai gero, da na susu, da ajiyar surukarki, su ukun nan sun kama 3,000, kuma yau da gobe 3,000 ɗin ne, babu kuɗin ruwa a kansu. Shi ya sa amsata kan rancen ƙungiya ita ce a'a, kada ki karɓa. Idan kika karɓi 5,000 kika rufe komai, kin ɗauki bashin mutanen da ba sa ƙara miki ko fesuwa ɗaya kin mayar da shi bashi mai ruwa. Ruwan da za ki biya 1,500 ne, daidai hayarku ta wata shida. Kuma 6,500 a wata shida na nufin sidi 250 kowane mako, ko an yi ciniki ko an yi ruwan sama ya kori masu saye, ko yaro ya kwana da zazzaɓi ba ki fita ba. Ke da ɗari ta susu ke yi wa wuya a mako, ina za ki da 250? Tsuguno ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Sannan rancen ƙungiya haɗa wuya ne: in ɗaya ta gaza sauran ake matsa wa, ranar da kika gaza kuma ba banki ne zai fara zuwa ƙofarki ba, maƙwabtanki ne. Ma'aikacin ba mugu ba ne, aikinsa yake yi, kuma aikinsa shi ne ya samo masu cin bashi.

Kin ɗora laifin komai a kan bikin ƙanwarki. Ni ban ga haka ba. Bikin ya fito da ciwon fili ne, amma ciwon ya girme shi. Yana cikin layin da kika rubuta kika wuce kamar ba komai: sidi 40, shekara uku ba a ƙara ba, ke kike cikawa. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ya sami farashi a shekarun nan. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari. Daga baya ta sauka, amma saukarta ba ta mayar da olonkar wake, wato mudunsa, ko galan ɗin mai farashinsu na da ba, gudun hawan ne kawai ya ragu. Saboda haka 40 ɗin da ke dafa tukunya a wancan lokaci yau ba ta kai ko'ina ba, kuma giɓin kullum daga robar cinikinki yake fita. Ba riba kike ci ba, jari kike ci, yau ashirin gobe talatin, har ranar da kika je ɗauko gero babu na biya. Ko ba a yi biki ba, da kin iso nan, sai dai a hankali.

Wannan ne ya kawo mu kan maigida. Mu yi masa adalci. Mutumin da ya bar 40 da safe, ya dawo da dare ya tarar da tuwo da miya, yara sun ƙoshi, ba wanda ya ce masa uffan, ta yaya zai san 40 ta daina isa? Rufa masa asirin da kike yi alheri ne, amma ya rufe masa ido. Ciyarwa da muhalli wuyansa suke, addini ya ɗora masa, al'ada ma haka, kuma ba zai ɗauki nauyin da bai san girmansa ba. Na san shi ma ba a kan kuɗi yake zaune ba. Mai tuƙa abin hawan wani sai ya cire na mai shi, ya cire na fetur, ya cire na gyara, abin da ya rage a ranar da kasuwa ta mutu ba ya da yawa. Ba na ce miki zai zaro 4,600 daga aljihu ba. Abin da nake cewa, gida ɗaya ba ya tafiya da lissafi biyu, ɗaya a fili ɗaya a ɓoye.

Ki faɗa masa cikin makon nan, kafin masu manhaja su riga ki. Lambarsa tana wayarki, ta mahaifiyarsa ma wataƙila tana ciki. Jin maganar daga bakinki a ɗaki da ganin hotonki a wayarsa a tasha, gaban abokan aikinsa, ba ɗaya ba ne, kuma na biyun ne yake kashe aure. Kada ki tare shi a bakin ƙofa, kada kuma ki zaɓi daren da ya dawo ba ciniki. Ki bari ya ci abinci, yara su yi barci, ki kawo takarda da komai a rubuce, kowane bashi da mai shi da adadinsa. Ki fara da naki laifin ba tare da kwana-kwana ba: kin taɓa ajiyar Mma, mahaifiyarsa, kin ci bashin waya ba da saninsa ba, kin yi hidimar da ta fi ƙarfinki. Kada ki rage ko ɗaya don ki sauƙaƙa wa kanki daren, domin wanda kika ɓoye shi zai fito daga baya ya ɓata sauran. Bayan ya huce, ko a daren ko washegari, sai ki nuna masa ɗaya gefen takardar, abin da cefanen yini guda ke ci a yau, daga gawayi har kuɗin da yara ke tafiya da shi makaranta. Zai yi fushi, yana da hakkin ya yi. Ki bar shi ya faɗi abin da ke ransa. Amma ke kika san mijinki. In mai ɗaga hannu ne, ko mai saurin furta saki, kada ki zauna da shi ke kaɗai. Ki fara sanar da wani babba da yake jin nauyinsa, kawunsa ko limamin masallacinku, a yi maganar a gabansa.

Ajiyar surukarki ba bashi ba ce irin sauran, amana ce, kuma ke ma kin san haka tunda ita ta hana ki barci. Kada ki jira ranar da za ta aiko a karɓo. Bayan kun gama da maigida, ku je tare, ki durƙusa ki faɗa mata da bakinki, ki ba ta abin da ya samu a hannu, ki faɗi ranar da za ki cika. Tsofaffi sukan yafe rashi. Abin da ke yi musu wuyar mantawa shi ne a yi ta yi musu hanya-hanya. In ta yi faɗa ki haɗiye, kuɗinta ne. Nan gaba kuma, har sai kin miƙe, duk wanda ya kawo miki ajiya ki ce masa ba ki karɓa.

Sai masu manhaja, waɗanda suka fi kowa hayaniya. Ba ke kaɗai suka yi wa haka ba. A shekarar 2023 Babban Bankin Ghana ya fitar da sunayen manhajojin rance 97 da ba su da lasisi, kuma a shekarar ce hukumar EOCO mai yaƙi da laifukan kuɗi da abokan aikinta suka kama ɗaruruwan mutane a Accra kan wannan sana'a. Salonsu ɗaya ne: su ba ka kuɗi kaɗan na 'yan kwanaki, su cire wani abu tun kafin ya iso, su kwashe lambobi da hotunan da ke wayarka da iznin da ka danna ba ka karanta ba, sannan su yi cinikin kunyarka. Barazanar tozarta mutum laifi ce a doka, ko da kuwa ana bin sa bashi da gaske. Ki ɗauki hoton kowane saƙo da suka turo, ki adana shaidar MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ta abin da ya shigo da abin da kika biya, ki kira 292, lambar hukumar tsaron intanet ta ƙasa, ki kai ƙara. Ki sa wani yaro mai ilimin waya ya duba miki ko sunansu na cikin masu lasisin Babban Banki, ya kuma rufe musu hanyar shiga lambobinki da hotunanki. In masu lasisi ne, ki nemi su ba ki lissafi a rubuce, ki biya bisa yarjejeniya, domin irinsu suna kai sunan wanda bai biya ba ga ma'ajiyar bayanan masu bashi, abin ya bi katinki na Ghana. In ba su da lasisi, ni ra'ayina ki mayar musu da 900 ɗin da suka shigo hannunki, don kuɗin mutane ne, ta hanyar da za ta bar shaida, ki rubuta musu cewa kin kai ƙara kan sauran. Zai yiwu su ci gaba da kira ko bayan haka. Maganinsa ki riga su: ki gaya wa 'yan uwa na kusa cewa in sun ga saƙo a kanki ga abin da ya faru. Ranar da mijinki da surukarki suka sani, rabin makaminsu ya faɗi. Kuma ko me za su ce, kada ki sauke manhaja ta uku.

Ina kuɗin za su fito? Daga akwatinki. Atamfar da ba a ɗinka ba kuɗi ce a kwance, kuma a zango ba a rasa mai saye, musamman in mai kyau ce. Ki fara da su, har da yayin bikin in akwai wanda bai ga almakashi ba. In ba su kai 900 na manhaja da 800 na Mma ba, sai a zo kan sarƙa. Na san sarƙar aure ba ƙarfe ba ce kawai a wurin mace, amma don irin wannan rana iyayenmu suke sa wa 'ya zinare a kaya. Zinare ya yi daraja a shekarun nan, saboda haka kada ki miƙa wa mutum na farko. Ki kai a auna a wuri biyu ko uku, ki tafi da wadda ta san harkar. Sayarwa ta fi jingina ga mai ƙara ruwa, wanda ƙarshenta sarƙar ta tafi kuɗin ma su tafi. Kuma tunda wani kaso na ramin nan cefanen gida ne ya haƙa shi, daidai ne maigida ya sa nasa hannu, ko da kaɗan-kaɗan ne.

Hajiya mai gero ita ce ba ta yi miki barazana ba, kuma ita ce ta fi kowa muhimmanci, domin in ta rufe miki buhu sana'ar ta tsaya. Irinta aka fi yi wa sakaci, saboda tana da kawaici. Kada ki fara kewaye rumfarta kina saye a wani wuri, wannan shi ke ɓata tsakani. Ki je ki zauna ki ce mata, Hajiya ga halin da nake ciki, daga yau duk abin da na ɗauka zan biya a take, tsohon kuma zan riƙa kawo 50 duk mako, in susu ya ƙare in mayar da shi 150. Ki lissafa: mako 9 sun ba da 450, saura 850, wanda ba zai kai mako shida ba a sabon adadin. Cikin wata huɗu kin fita. Ku rubuta, ita da littafinta ke da naki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ayoyi biyu kafin ta aka umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Hajiya ta san wannan, amma sai ta ga gaskiyarki za ta yi aiki da shi. Susu kuwa ba abin tattaunawa ba ne. Kin kwashi naki, mata tara na jiran nasu, ki zuba har ƙarshe. In zagayen ya ƙare ki huta, kada ki shiga sabo sai kin gama da Hajiya.

Duk wannan ba zai zauna ba in robar ciniki ta ci gaba da zama aljihun gida. Na lura ba ki faɗa mini ribarki ba, kuma ina zaton ke ma ba ki san ta ba. Ki sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta. Mako biyu, kullum bayan kin tashi daga ciniki, ki rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita: gero, wake, mai, sukari, kayan yaji, niƙa, gawayi, leda, ruwa, ladar yarinyar da ke taya ki in akwai. Kokon da yara suka sha da ƙosan da aka aika wa maƙwabta su ma ki rubuta, ba don ki hana ba, don ki san nawa ne. Haka masu cewa "rubuta, zan kawo gobe"; ki sa musu iyaka, wanda bai biya na jiya ba babu na yau. Kuɗin kayan gobe su ne farkon abin da za ki ware, ki ɗaure su daban, ba a taɓa su ko wa ya zo. Abin da ya rage shi ne naki, daga cikinsa ne susu da Hajiya za su fito, sannan taimakon cefane, adadi guda da kuka yanke ke da maigida, ba duk abin da tukunya ta nema ba. In littafin ya nuna ribar ba ta kai yadda kike zato ba, to ko dai ludayinki ya yi girma ko ƙosanki bai bi farashin wake ba. Masu saye za su yi ƙorafi kwana biyu su saba.

Maganar haya, doka tana gefenku. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, kuma akwai ofishin kula da haya a Kumasi da ke sauraron irin wannan ƙara. Amma ni da ke mun san yadda abin yake a unguwa, mai gida na iya cewa ɗansa zai yi aure yana son ɗakinsa. Saboda haka a ajiye doka a aljihu, a fara da lalama. Maigida ya je yanzu, tun da sauran wata biyar, da wani dattijo da mai gidan ke ganin girmansa, ya nemi a karɓi wata shida-shida. Wanda ya zo da wuri da magana ya fi samun sauƙi a kan wanda aka zo ƙwanƙwasa wa ƙofa. Wata shida 1,500 ne, ba 6,000 ba. In maigida ya ware sidi 10 kullum daga gobe, kwana 150 sun ba da 1,500 cif. A zuba a asusun katako mai makulli, ko a wani layin MoMo da ba a yawo da shi. Harajin tura kuɗi ta waya an soke shi a 2025, sai dai kuɗin cirewa na nan. In mai karɓar susu na kullum za ku ba, ku tuna zubin kwana ɗaya a wata nasa ne, kuma ku ba wanda aka sani da wurin zama. Duk wani kamfani da ya ce ku kawo ajiya, a tambayi lasisinsa tukuna. A 2019 kaɗai Babban Banki ya soke lasisin ƙananan kamfanonin rance 347, mutane da yawa sun daɗe suna bin kuɗinsu. Duk abin da aka ba mai gida kuma a karɓi rasit.

Ki duba katin inshorar lafiyarku, naki da na yara, in ya mutu ki sabunta ta *929# a waya. Rashin lafiya ta dare ɗaya ita ce ƙofar da bashi ya fi shigowa gidaje irin naku. In kuma abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa bayan kun yi iya yinku, babu kunya a sanar da liman, domin wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka.

Biki kuwa ba zai daina zuwa ba, wata zai kama a kawo miki yayi. Ki shirya amsarki tun yanzu: "Allah ya sanya alheri, bana ba zan iya ba, amma zan zo aiki." Ki je da wuri, ki kama girki, ki kai kokon safe in kina da hali. Za a yi magana, wasu ma 'yan ɗakinku ne za su yi. Mahaifiyarku da ƙanwarki kuwa ki gaya musu abin da bikin ya bari a wuyanki, ba don gori ba, don kada a sake lissafawa da ke a hidima ta gaba, kuma wataƙila amaryar ta taya ki da wani abu daga gudummawar da ta samu.

Bayan mako biyu ki sake rubuto mini. Ki turo abin da littafin ya nuna, cinikin kowace rana da abin da kaya suka ci, da adadin da maigida ya amince zai riƙa bayarwa na cefane. In 50 ɗin Hajiya ta yi miki yawa ko ta yi kaɗan, a nan za mu gani mu gyara. Ki gaishe da yara.